Ƙaura Zuwa SSD: Wace Manhaja Ce Za Ta Kwashe Kayan?

Duk wanda ya taɓa kunna tsohuwar laftof, ya zuba wa ɗigogin Windows ido suna zagaye har ya gaji ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya san ciwon. Sau da yawa mai ita kan ɗauka tsufa ne ya ci ƙarfinta, ya fara neman mai saye. Amma da yawa daga cikin HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na hannu da ke cika shagunan Farm Centre a Kano, Banex Plaza a Abuja da Computer Village a Ikeja, lafiyarsu ƙalau. Abin da ke riƙe musu ƙafa shi ne tsohon had-dis da ke cikinsu.

Had-dis faifai ne na gaske mai juyawa. A yawancin laftof yana zagaye sau 5,400 a minti ɗaya, wata 'yar allura kuma tana kai da komo a samansa tana neman inda aka ajiye kowane abu. Dabarar ta daɗe, tun 1956 kamfanin IBM ya fitar da na farko, mai faya-fayai 50, wanda duk girmansa haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana ajiya ne a kan ƙwayoyin filas, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. A 1991 SanDisk ya yi wa IBM wani SSD mai megabait 20 a kan kusan dala 1,000. Yau SSD mafi arha, mai mahaɗin SATA, yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa ɗaya, inda had-dis na laftof ke fama da 100 ko abin da ya yi kusa da haka. Masu mahaɗin NVMe sukan kai 3,500, sababbi ma 7,000 ko fiye. Babban bambancin ma ba a nan yake ba, a saurin gano abu yake: abin da allurar had-dis za ta yi milisakan goma ko fiye tana lalube, SSD ya samo shi a kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan ɗaya.

Sayen SSD ɗin ba shi ne aiki ba. Aikin yana farawa ne bayan an buɗe kwali.

Hanya biyu ce. Ko dai a zuba sabon Windows a kan sabon faifan a fara komai daga farko, ko a yi kulonin, wato a kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon, ta yadda kwamfutar za ta tashi kamar ba abin da ya sauya sai gudu. Wanda ba ya komai da laftof sai shiga intanet da kallon fim, hanya ta farko ta ishe shi. Amma a ɗauki mai shagon buga takardu: CorelDRAW ɗinsa da ya saita yadda hannunsa ya saba, ɗaruruwan salon haruffa da ya tara, madannin rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ya sha wahala kafin ya daidaita, direbar wata tsohuwar firinta da kamfaninta ya daina kula da ita. Ko ma'ajin wani kanti da manhajar lissafinsa ke ɗauke da cinikin shekaru, lambar lasisinta kuma ta bi wani ma'aikaci da ya bar aiki tuntuni. Irin waɗannan idan aka ce musu a fara daga farko, an ce musu a rufe shago na mako guda ne.

Me zai hana a jawo fayiloli kawai a zuba a sabon faifai, kamar yadda ake zuba waƙoƙi a filas? Dalili shi ne faifan da Windows ke zaune a kai ba sashe ɗaya ba ne. Ban da C da kowa ke gani, akwai wasu ƙanana a ɓoye: sashen EFI, galibi megabait 100 zuwa 260, wanda shi ke tayar da kwamfuta, wani ɗan mitsitsi mai megabait 16 da Microsoft ya keɓe wa kansa, sai sashen gyara idan Windows ya samu matsala. Kwafi na yau da kullum ba ya ganin waɗannan, kuma ba ya iya taɓa fayilolin da Windows ke aiki da su a lokacin. Kulonin kamar tashi ne daga tsohon gida zuwa sabo, inda masu dako za su kwashe komai su jera kowane abu a kusurwar da yake a da, har da sharar ƙarƙashin gado.

Tsofaffin masu gyara suna tuna Ghost, wadda Murray Haszard ya rubuta a ƙasar New Zealand a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Ta yi zamaninta, har a 2013 aka daina sayar da Norton Ghost ga masu kwamfutar gida. Yanzu manhajojin sun yi yawa, kuma wanda ya tambayi Google wacce ta fi, zai sha jerin "goma mafiya kyau" har ya ƙoshi. Sai dai a lura da wanda ya rubuta jerin. Wasu a shafin kamfanin da ke sayar da manhajar suke, kuma ba abin mamaki ba ne tasu ce ta ɗaya. Wasu kuwa marubucin yana da kamasho a kan duk wanda ya saya ta hannunsa.

Gaskiyar magana, faifan da ke hannun mutum ne ke zaɓar masa manhaja. Tambaya ta farko: wane kamfani ne ya ƙera SSD ɗin? Manyan kamfanoni kan ba da manhajar kulonin kyauta ga wanda ya sayi kayansu. Samsung yana da Data Migration, wadda yanzu aka shigar cikin Samsung Magician, kuma a sauƙi da wuya a samu wadda ta fi ta: a nuna tsohon faifai, a nuna sabo, a danna. Sharaɗinta ɗaya, dole faifan da za a kwafa zuwa gare shi ya zama na Samsung. Crucial, Western Digital da Kingston kuwa sun ɗauko Acronis True Image ne, manhajar wani kamfani mai hedikwata a Suwizalan, aka rage mata wasu ayyuka aka liƙa mata sunansu. DiscWizard ta Seagate ma daga gidan Acronis ta fito. Waɗannan sukan duba ko akwai faifan kamfanin a jikin kwamfutar kafin su yarda su yi aiki. Wani lokaci idan an jona SSD ɗin ta wata kebul ta USB mai arha, manhajar takan ga sunan kebul ɗin maimakon sunan faifan, sai ta ƙi. A irin wannan hali, sauya kebul ya fi sauya manhaja.

To, wanda SSD ɗinsa ba na ɗaya daga cikin waɗannan manyan ba ne fa? A kasuwanninmu irinsu ba kaɗan ba ne, don arha ke jan mai saye.

Shekaru da dama amsar ita ce Macrium Reflect, ta wani kamfani a birnin Manchester na Ingila. Sigarta ta kyauta ta samu karɓuwa saboda tana iya matse babban faifai ya shiga ƙarami, tana da filas na ceto da ke gyara kwamfutar da ta ƙi tashi, kuma ba ta damun mutum da talla. Kamfanin ya janye sigar kyautar, ya daina yi mata gyaran tsaro daga 1 ga Janairu 2024. Abin da ya rage shi ne gwajin kwana 30, wanda ya ishi mai aikin yini ɗaya. Tsohuwar sigar kyautar na nan na yawo a wasu shafuka, amma ɗauko manhajar da za a damƙa wa faifai gaba ɗaya daga shafin da ba a san mai shi ba ganganci ne. Haka ma sigogin da aka fasa lasisinsu, waɗanda ke cikin filas ɗin wasu masu gyara.

AOMEI Backupper, EaseUS da MiniTool Partition Wizard su ne suka fi fitowa a saman bincike. Suna aiki, fuskarsu kuma tana da sauƙin ganewa. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne kalmar "kyauta". Saukewa kyauta ne, amma kwafe faifan da Windows ke kai galibi yana cikin sigar kuɗi, kuma sau da yawa ba a sanin haka sai an gama jona komai an zo dannawa ta ƙarshe. Biyan kuɗin ba laifi ba ne ga wanda zai ci gaba da amfani da manhajar wajen ajiyar ko-ta-kwana kowane mako. Amma biyan kuɗin shekara da dala saboda aikin da za a gama kafin la'asar, wannan kam sai mai hali. DiskGenius da Hasleo suna cikin waɗanda sigarsu ta kyauta ke ƙaura da Windows. Da yake kamfanoni kan sauya sharaɗi daga siga zuwa siga, ya kamata a karanta teburin da ke bambanta sigar kyauta da ta kuɗi a shafin kamfanin kafin a sauke.

Sai Clonezilla, wadda ba ta neman ko sisi kuma ba ta tambayar sunan faifai. Steven Shiau da abokan aikinsa ne suka samar da ita a cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan, lambobinta kuma a buɗe suke ga kowa. Ba a zuba ta a cikin Windows. A filas ake sa ta, a tayar da kwamfutar daga filas ɗin, ta yi aikinta Windows yana kwance. Wannan ya sa ba ruwanta da ko faifan na Windows ne ko na Linux. Tana kwafe wuraren da ke da bayanai ne kawai, ta tsallake fanko. Tana da wata siga da ke tura hoton faifai ɗaya, wato cikakken kwafinsa, zuwa kwamfutoci da yawa a lokaci guda ta kebul ɗin sadarwa, abin da ke da amfani ga cibiyoyin jarrabawar JAMB da ɗakunan kwamfuta na makarantu.

Laifinta biyu. Na farko fuskarta: rubutu zalla, babu linzami, kuma ba ta kiran faifai C ko D, sai sda, sdb ko nvme0n1. Wanda ya ruɗe ya sa sabon faifai a matsayin tushe, tsohon a matsayin masauki, zai kwafe fanko a kan dukiyarsa. Manhajar takan nemi tabbaci har sau biyu, amma mai gaggawa ba ya karanta gargaɗi. Abin da ke raba gardama shi ne a duba sunan kamfani da girman kowane faifai, a rubuta a takarda kafin a fara. Rescuezilla ta rage wannan wahalar: tana da fuska mai hotuna da linzami, kuma tana karanta hotunan faifai da Clonezilla ta yi.

Laifi na biyu ya fi cizo. Clonezilla ba ta matse sashe da kanta, tana son masauki ya kai tushe girma ko ya fi shi. Nan ne lissafin 'yan kasuwa ke shigowa. Had-dis mai gigabait 500, Windows yana ganinsa a matsayin 465, domin kamfanoni da dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024. SSD mai 512 yana fitowa 476, ya wadatar. Mai 480 kuwa 447 ne, bai kai ba, ko da bayanan da ke tsohon faifan ba su wuce gigabait 80 ba. Mafita ita ce a fara rage girman C a cikin Disk Management na Windows, ko da manhajar GParted, kafin a kira Clonezilla. Wanda ke saukowa daga terabait 1 zuwa SSD mai 256, wanda a zahiri 238 ne, gara ya nemi Macrium, Acronis ko manhajar Samsung, masu yin matsin da kansu. Kuma sai ya fara kwashe fina-finai da bidiyon biki zuwa wani wuri, don SSD da aka cika maƙil gudunsa raguwa yake yi.

Kafin duk wannan akwai tambayar da aka fi tsallakewa: shi tsohon faifan lafiyarsa ƙalau? Kulonin yana tilasta masa karatu ba hutawa, kuma faifan da ke dab da mutuwa na iya cikawa a tsakiyar aikin. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, tana karanta rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi. Idan ta nuna akwai sektocin da suka lalace, ko faifan yana wani ƙas-ƙas, sai a ajiye zancen kulonin tukuna, a fara kwafe takardu da hotuna masu muhimmanci da hannu. Yawancin manhajojin da aka ambata sukan tsaya cak idan suka ci karo da wurin da ya ƙi karantuwa. Wadda aka yi domin wannan hali ita ce GNU ddrescue ta Linux: takan kwashe wurare masu lafiya da farko, ta ajiye taswirar inda ta tsaya, sannan ta dawo tana lallaɓa wuraren da suka lalace. Aikin gwani ne, kuma yana iya cin kwanaki.

Shi ma sabon faifan a gwada shi. Akwai jabun SSD da ke cewa terabait 1 ne alhali abin da ke cikinsa bai kai rabi ba. H2testw, wadda wata mujallar kwamfuta ta Jamus mai suna c't ta fitar, tana cika faifai da bayanai ta sake karantawa, ƙarya kuma ba ta tsira a hannunta.

BitLocker, makullin faifai na Windows, wani tarko ne da ya ƙara yawa kwanan nan. Laftof ɗin da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka wasu kan zo da shi, kuma daga sigar 24H2 Windows 11 yana kunna kulle faifai da kansa a kan kwamfutoci da yawa idan an shiga da asusun Microsoft. Manhajar da ke aiki daga filas ba ta ganin abin da ke cikin kullallen sashe, don haka sai ta kwafe shi duka, sekta bayan sekta, har da fanko, kuma ba za ta iya matse shi ba. Masu aiki daga cikin Windows, waɗanda ke dogara da wata hidimar Microsoft mai suna VSS wajen ɗaukar hoton faifai yana cikin aiki, sun fi samun sauƙi. Ko ma wacce aka zaɓa, a nemo lambar ceto mai alƙaluma 48 a ajiye a wajen kwamfutar. Mafi kwanciyar hankali a kashe BitLocker gaba ɗaya, a jira ya gama buɗewa, a yi kulonin, sannan a mayar da shi.

Akwai kuma maganar tsarin faifai. Tsohon tsari, MBR, ba ya wuce terabait 2 kuma yana tafiya da tsohon BIOS. Sabon, GPT, shi ke tafiya da UEFI, kuma shi Windows 11 ke buƙata. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a bar sabon faifai ya ɗauki tsarin tsohon. Mai son sauyawa ya bari sai kwamfutar ta tashi lafiya, sannan ya yi amfani da mbr2gpt, wadda ke cikin Windows 10 tun 2017. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa na son haɗa ayyukan biyu, amma SSD ba ya mayar da kwamfutar da ba ta cancanci Windows 11 ba ta cancanta. A ɓangaren Intel, jerin furosesan da Microsoft ya amince da su kusan gaba ɗayansa daga ƙarni na 8 ya fara, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0.

Ramin M.2, inda ake soka siraran SSD, ma ya ja wa mutane asara. Faifai biyu na iya zama girmansu ɗaya, milimita 22 a faɗi da 80 a tsawo, ɗaya SATA ɗaya NVMe, kuma wasu tsofaffin laftof SATA kaɗai raminsu ke ganewa. Babu manhajar da ke gyara wannan. Idan kuwa ramin ya karɓa amma Windows ya tashi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, galibi direbar NVMe ce ba ta tashi da wuri ba, ko kuma saitin AHCI da RAID a BIOS ya saɓa da wanda Windows ya saba da shi. Shiga Safe Mode sau ɗaya yakan warware ta farko. Windows 7 kuwa bai san NVMe ba sai an ƙara masa gyara na musamman. Masu Mac nasu daban ne: akwai Carbon Copy Cloner da SuperDuper, amma tun macOS Big Sur na 2020 Apple ya tsaurara kwafe faifan da ke tayar da kwamfuta, sababbin MacBook kuma ma'ajiyarsu a liƙe take ba a cire ta.

Ranar aikin, wuta ce abin tsoro. A kan USB 2.0, mai tafiyar kusan megabait 30 a daƙiƙa, gigabait 200 zai ci kusan awa biyu. A kan USB 3.0, wanda galibi bakinsa shuɗi ne, had-dis ɗin ne zai zama mai jan ƙafa, aikin ya ƙare a rabin awa da 'yan mintoci idan fayilolin manya ne. Laftof mai mataccen batir, ko kwamfutar tebur da ba ta da UPS, kada a fara sai an tabbatar da janareta ko sola. Ɗaukewar wuta a tsakiya ba kasafai take cutar da tsohon faifan ba, tunda karanta shi kawai ake yi, amma aikin ya koma farko.

Bayan an gama, a kashe kwamfutar, a cire tsohon faifan, a sa sabon a gurbinsa, sannan a kunna. Barin su biyun a jone a tashin farko yana rikita al'amari, domin lambar shaidarsu ɗaya ce, Windows kuma yakan ajiye ɗaya a gefe, ko kwamfutar ta tashi daga tsohon mai ita yana ta mamakin rashin gudu. Lasisin Windows 10 da 11 a jikin madabod yake, sauya faifai ba ya taɓa shi. Bayan kwamfutar ta tashi, abu biyu ake dubawa. A msinfo32 akwai lambar da ke nuna inda kowane sashe ya fara, idan ta rabu da 4,096 ba saura, an daidaita shi yadda SSD ke so. Wannan matsala ce ta faifan da aka yanka tun zamanin Windows XP, manhajojin yanzu kuma suna gyara ta da kansu. Na biyu TRIM, umarnin da ke sanar da SSD wuraren da aka goge, wanda Windows ke kunnawa da kansa tun daga Windows 7.

Wanda Windows ɗinsa ke cike da bairos, ko yake yawan faɗuwa tun kafin a yi zancen SSD, kulonin zai kai masa matsalarsa sabon faifai ne kawai. Irinsa sabon zubi ya fi masa, ya kwafe fayilolinsa daga baya.

Wanda kuma zai kai wa mai gyara, ya tuna abin da yake miƙawa: hotunan iyali, takardun banki, kalmomin sirri da Chrome ya adana. Wasu masu gyara kan fara ɗaukar hoton faifan zuwa nasu babban faifan kafin su zuba a SSD, hanya ce mai kyau a fasaha, amma sai mai kaya ya tsaya ya ga an goge hoton a gabansa. Tsohon had-dis ɗin ma a karɓo shi, kada a bar shi a matsayin ragin kuɗin aiki. A ajiye shi mako biyu ko uku ba a taɓa ba, har a tabbatar komai na aiki. Daga nan ana iya sa shi a ɗan kwalinsa na USB ya zama ma'ajiyar waje. Idan sayarwa za a yi, fomatin na gaggawa ba ya goge komai sai jerin sunayen fayiloli, manhajar dawo da bayanai kuma za ta tono sauran. Cikakken fomatin, wanda tun daga Windows Vista yake rubuta sifili a kan kowace sekta, shi ake yi, kuma a kan faifai mai gigabait 500 yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.